Ƙunshi a Hannun Matuƙi

SHAFI NA 23

Masu cewa na cika jan rai, na ji ku. Ke kuma da kika ce in Rauda ba ta buɗe baki yau ba za ki fice daga gurup ɗin nan, gyara zama, ba inda za ki.

Wanda yau ya shigo: Rauda ɗiyar Malam Almu ce, mai gyaran agogo a kasuwar Tambuwal. Ta ci jarrabawar makarantar sojan sama a ɓoye, ɓangaren tuƙin jirgi, an kira ta Kaduna tantancewa ranar Litinin. Mahaifinta bai sani ba. Innarta kuwa ta ce ba ƙafar da za ta taka waje sai da yardarsa.

* * *

"Rauda, rami! Ɗaga kular!"

"Na ɗaga, Baba."

"Ba ki ɗaga ba, na ji wani abu ya yi ƙas-ƙas."

"Haƙorana ne, Baba."

Malam Almu bai yi dariya ba. Tun da suka sauka daga kwalta suka kama hanyar Kebbe yake lallaɓa babur ɗin nan kamar mai ɗauke da ƙwai. Masu kekuna sun wuce su. Wani tsoho a kan jaki ya wuce su, har ya waiwayo ya yi musu sannu. Rauda na baya rungume da babbar kular tuwon Inna Bara'atu, hannayenta sun yi tsami, amma ina ta isa ta ce a tsaya.

Ba tuwo ba ne a kular. Jirgin yaƙi ne na roba, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, kwance cikin auduga da tsohon ɗankwali.

Na Baffa Na'Allah ne, taubashin Baba, tsohon makanikin jiragen soja da ya yi ritaya ya koma Kebbe yana noma da kiwon shanunsa. Wani abokin aikinsa na da ne ya aiko masa da kwali. Ya buɗe ya tarar da gutsattsarin roba birjik maƙale a firam, ga shi hannunsa yanzu rawa yake, ko kofin shayi sai ya tallafa da hannu biyu. Shi ne ya kinkimo kwalin har rumfar Baba, ya dire, ya ce, "Bawana, haɗa mani."

Tun kafin a yi shuka suke abu ɗaya, ga shi har gero ya fid da kai. Baba ya yanko da reza, Rauda ta goge bakin da abin gyaran farce. Baba ya ɗiga gam da tsinke, Rauda ta matse fiffike ko motsi ba ta yi har ya kama. Fentin ɓad-da-kama kuwa, kore da ruwan ƙasa, sai da suka gama suka kankare suka sake, wai Baba ya ce na farkon atamfa ce. Ita ta jiƙa 'yan tambarin kore-fari-kore a ruwa ta zame su kan fiffike da hantsaki. Ita ta yi wa ɗan mutum-mutumin matuƙin fenti, abin da bai fi gaɓar yatsa ba: koriyar riga, farar hular kwano, safar hannu ruwan toka.

Duk zaman nan maganar na bakinta, kullum sai ta haɗiye. Ga shi yau Asabar. Abin da suka ƙulla da Baffa a waya shi ne a bari a ci abinci, Baba ya sha yabo ya saki jiki, sannan Baffa ya ɗauko zancen a hankali.

Suna yin sallama Gwaggo Mu'minatu, matar Baffa, ta fito da fara'arta. Ko gaisuwa ba a gama ba ta sure kular daga hannun Rauda.

"Kai, Bara'atu ba ta gajiya! Har da tuwo? Ku kam kun ɗauka yunwa muke a Kebbe. Bari in ɗumama miya."

Ta juya tana lilo da kula.

"Mu'minatu!" Baba ya kwatsa ihu har kaji suka watse. "Kar ki girgiza! Don girman Allah tsaya inda kike!"

Ta daskare, ƙafa ɗaya a sama.

"Lafiya, Malam? Kunu ne?"

"Jirgi ne!"

"Jirgi?" Ta dubi kular, ta dubi Rauda. "Ɗiyata, rana ta taɓa shi a hanya ko?"

Daga gindin darbejiya wata dariya ta tashi. Baffa Na'Allah ne kishingiɗe kan tabarma, hula a keya.

"Kawo shi nan, Mu'minatu. Bawana ne ya kawo aikin ubangidanshi. Almu, ka makara. Tun hantsi nika jiranka."

"Wa ke bawanka? Mutumin da ya kasa liƙa roba shina kiran wani bawa."

"Ubana wan uwarka ne, ko ka manta? Zo ka kwashi gaisuwa."

"In kwashi gaisuwa wurin wanda shanunshi ma ba su jin maganarshi?"

Haka suke tun suna yara, in sun haɗu sai an gaji an bar su. Rauda ta durƙusa ta gaida Baffa. Ya amsa, ya ɗan kanne mata ido.

Baba ya wanke hannu, ya goge, ya yi bisimilla, sannan ya ɗage murfin kula. Ya zare ɗankwalin, ya ɗebe audugar kaɗan-kaɗan, ya fito da jirgin ya aza kan faifai.

Baffa ya tashi zaune. Dariyar ta ɗauke.

Ya miƙa yatsa zai taɓa hancin jirgin, yatsan na rawa, sai ya janye. Gwaggo ma da ta zo da niyyar tsiya ta matso tana leƙe.

"Shi ne," Baffa ya ce, muryarsa ta dushe. "Wallahi shi ne. Har nan, nan ƙasan fiffike, inda nike shiga in kwanta da sifana. Almu, wanga baƙin na bayan injin fa? Hayaƙi ke barin shi haka. Ya anka yi ka san shi?"

"Kai ka faɗa mani, ka manta."

"Da mi ka yi shi?"

Baba ya gyara murya. "Kwallin uwar Rauda."

"Kwalli!"

"Rabin tandu ya tafi. Har yau ba ta daina mita ba."

Baffa ya share ido da bakin riga yana dariya. Baba kuwa baki har kunne, sai wani ɗaga kai yake. Ya ciro kwalin ashana daga aljihu, ya buɗe. A ciki ɗan murfin gilashin nan ne da ke rufe wurin zaman matuƙi.

"Ban liƙa wanga ba. Na ce mai abu shi ga cikin tukun, don in anka rufe an rufe ke nan. Ga gam da fenti da burushi na zo da su, ko hanyarku ta karya wani abu."

"Ba ni idon naka in gani."

Baba ya miƙa masa gilashin ido ɗaya na masu gyaran agogo. Baffa ya maƙala a ido, ya sunkuya.

"Ga agogon mai... ga sandar tuƙi... kai, har bel ɗin kujera! Ga mutumina, ga hular..."

Ya ƙara matsawa. Kafaɗunsa suka fara rawa.

Sai kuma ya kife kan tabarma yana dariya, irin wadda ke zuwa da tari. Gwaggo ta ruga ɗebo ruwa.

"Mi ne ne?" Baba ya haɗe rai. "Mi ka gani?"

"Almu... wayyo cikina... Almu, yaushe anka ɗaura wa matuƙinka aure?"

"Wane irin aure?"

"Ƙunshi gare shi! Wallahi amarya ka sa mani a jirgi!"

Baba ya fizge gilashin, ya sa a idonsa, ya duƙa. Rauda na ganin yadda kunnuwansa suka motsa. In suka yi haka a rumfa, yaran kasuwa ma canza hanya suke.

Ya ɗago a hankali.

"Rauda."

"Na'am, Baba."

"Wa ya yi wa matuƙi fenti?"

"Ni ce."

"Safar hannu wace kala munka ce?"

"Ruwan toka."

"To zo ki gani."

Ta karɓi gilashin. Hannun matuƙin bai fi ƙwayar dawa ba, amma cikin gilashin sai ya fito ɓaro-ɓaro. Babu safa. Hannu ne launin fata, kan kowane yatsa ja jawur, ga kuma ɗigo-ɗigo a jere a bayan hannun sun zagaye wani ɗan fure.

Ta san furen nan. Duk amaryar da aka kai a unguwarsu da shi take tafiya a bayan hannu.

"Baba, wallahi ba ni ba ce."

"Na sani." Ya laluba aljihu ya ciro waya. "Ni da nika zaune da mai wanga zanen tun ba a haife ki ba."

Baba in zai yi waya sai ya sa ta a sifika ya riƙe ta nesa da kunne, wai zafi take. Saboda haka kowa a tsakar gidan nan ya ji lokacin da Inna ta ɗauka, har da ƙarar ludayi a tukunya.

"Malam, kun isa lafiya? Kulata fa, ba ta fashe ba?"

"Uwar Rauda, wa ya taɓa mani jirgi?"

"Au, har an gani?"

"Tambayarki nika yi."

"Ni ce. Jiya, kana masallaci la'asar. Da allura na yi, da jan fentin nan naku. Ya fito ko? Idona ya rage, ban tabbata furen ya zauna ba."

Baffa ya toshe baki da hula.

"Don mi?" Baba ya ce. "Aikin da munka sha wahala, ki zo ki mai da shi gidan biki? Don mi?"

"Tambayi ɗiyarka, ai tana kusa da kai."

"Inna!" Rauda ta ce, kamar ta yi kuka.

"Ke rufe mani baki. Na gaji. Yarinya duk ta rame, ba ta ci ba ta sha, kullum gobe zan faɗa mai, gobe zan faɗa mai. Ku biyu kun zauna tabarma guda tun kafin shuka kuna liƙe-liƙe, kai ba ka tambaya ba, ita ba ta faɗa ba. Na ce tunda kai ba ka ganin abu sai ta cikin gilashi, bari in aje maka shi inda gilashi ke gani."

"Wane abu?"

"Miyata na kamu. A dawo mani da kulata da ɗankwalina."

Ƙit, ta kashe.

Jama'a, ku faɗi gaskiya, akwai uwa irin Inna Bara'atu? Ta kunna wuta ta koma kan miyarta hankali kwance.

Gwaggo ta dire kofin ruwan ta sulale ɗaki, amma labulen bai gama sauka ba, ana hango yatsun ƙafarta.

Baba ya juyo gaba ɗaya.

"Ina jin ki."

Rauda ta dubi Baffa. Baffa ya dubi reshen darbejiya. Shirin a ci abinci tukun ya bi ruwa.

"Baba... lokacin da na je Sakkwato wurin Anti..."

"Kin je biki."

"Na je biki. Na kuma rubuta jarrabawa."

"Ta mi?"

"Ta... makarantar sojan sama."

"Mi kinka ce?"

"Na ci, Baba. Sun kira ni Kaduna. Litinin."

Baba ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa. Sai ya nuna Baffa da yatsa.

"Kai ne!"

"Ni kuma?"

"Kai ne! Ka kawo mani kwali har rumfa, ashe tarko ka ɗana! Ina can ina liƙa maka fiffike, kana nan kana cire mani ɗiya!"

"Wallahi kafin kwali ta zo ta same ni. Ita ta kawo kanta."

"Kuma ka ɓoye!"

"Na ɓoye. In na faɗa maka ai da gam za ka liƙe ta a kujera."

"Na'Allah, ba wasa nika yi ba yau."

Wannan karon Baffa ya ajiye tsokana, don tun da suke bai taɓa jin taubashinsa ya faɗi haka ba.

Baba ya juya ga Rauda. Ta zaci faɗa zai yi. Da faɗan ya yi ma da ya fi mata sauƙi. Muryarsa ƙasa ta yi.

"Rauda, kin san ni. Ko tsani ba ni hawa. Rufin ɗakinmu ya yi yoyo damina guda, na gwammace in tara kwano. Ke kuma ki ce za ki hau abin da in ya lalace ba gefen hanya da za a tura shi? Babur in ya mutu sai mu sauka mu tura. Can sama wa zai tura ki?"

"Baba..."

"Ke kaɗai gare ni mace. Yayyenki duk sun gudu sayar da waya, ko batirin agogo ba su iya sawa. Ke ce ke zama kusa da ni. In ji ƙarar jirgi ya wuce in kasa haɗiye tuwo? A'a. Tsoro nika ji, na faɗa maki gaskiya. Ban yarda ba. Ɗauko kula mu tafi."

Idanun Rauda suka cika. Shi ke nan, Litinin ta tafi. Duk karatun da ta yi a ɓoye, duk gudun da take yi a filin makaranta da sassafe tana cewa motsa jiki ne, sun tashi a banza.

Baffa ya gyara zama, ya sassauta murya.

"Zauna, Almu. Sha ruwa. Kai komi sai ka kai shi ƙarshe. An ce maka duk sojan sama ne ke tashi? Dube ni. Na ƙare aikina kaf, ƙafata na ƙasa. Sifana da sukundireba, su ne bindigata. Jirgi guda, mutum nawa ke ƙarƙashinshi suna gyara?"

Shi Baffa so yake kawai wutar ta lafa, sannan a kawo sauran bayani. Amma Baba ya tsaya cak da murfin kula a hannu.

"Tsaya. Gyara?"

Ya juyo, fuskarsa ta fara washewa.

"Rauda, gyara ne? Irin aikin wanga mutumin? Ba tuƙi ba?"

Kun san lokacin da ƙofa ke buɗewa mutum bai ƙwanƙwasa ba? Rauda ta ga ƙofar nan a buɗe. Ta ga Litinin ta dawo. Ta ga motar Kaduna. Ba ta san lokacin da kanta ya sunkuya ya ɗago ba.

"E, Baba."

Baffa ya buɗe baki, ya dube ta, ya rufe.

"Allahu akbar!" Baba ya zube kan tabarma. "To don mi ba ki faɗa ba tun farko? Kin bari jinina ya hau a banza! Mu'minatu, fito, na ga ƙafarki! Kawo ruwan nan!"

Ya shanye kofi guda a tashi ɗaya. Ya goge gemu. Ya fara dariya shi kaɗai.

"Gyara! Na'Allah, ka ji? Gyaran jirgi! Kai ka ɗauka daga wurinka ta gado? Hannuna ne! Tun tana rarrafe take kwance mani agogon mutane. Wata rana ta kwance na liman, ta mai da shi, ya fi da tafiya daidai."

"Hakane," Baffa ya ce, ba tare da ya ɗago ba.

"Kullum ina zaune a rumfa ina tunani, yanzu kowa waya yake dubawa, wa zai kawo agogo? Na ce sana'ar nan da ni za a rufe ta. Ashe Allah ya yi ba mutuwa za ta yi ba, girma za ta yi. Daga agogo sai jirgi!"

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Rauda ta yi murmushin dole.

"Matso nan," Baba ya ce.

Ta matsa. Ya dafa kanta.

"Na yarda. Ki tafi Litinin, ni da kaina zan kai ki tasha. Allah shi yi maki albarka, shi tsare ki, shi sa ki fi wanga taubashin nawa iya ɗaure noti, don na tabbata rabin nashi kwancewa sunka yi."

"Amin, Baba."

Ya ɗauko gilashin ido ɗayan nan, ya goge shi da bakin riga, ya juya shi a hannu. Gefensa duk ya koɗe don tsufa.

"Ubangidana ya ba ni wanga ranar da ya yaye ni. Na aje wa yayyenki, ba wanda ya tambaya. Ungo. Mai gyara ba ya tafiya babu ido."

Ya danƙa mata a tafin hannu, ya naɗe yatsunta a kai.

Nan fa hawayen suka zubo, ba ta iya tare su ba. Gwaggo na cewa kukan daɗi ne, a bar ta. Baffa kaɗai ya san ba shi ba ne. Ya ɗago ya dube ta sau ɗaya, ba harara, ba komai, ya mai da kai ya ci gaba da tsinkar zaren tabarma.

Ta samu abin da take nema. An sa mata albarka, gaban shaidu. In ta yi shiru, jibi tana cikin mota. Sauran bayani sai ta yi shi daga can, ta waya, lokacin da ba mai iya dawo da ita. Mutum nawa suka yi haka suka zauna lafiya?

Gilashin ya yi mata nauyi a hannu.

Baba kuwa an shiga nishaɗi. Ya jawo faifan gabansa, ya jera 'yan gwangwanayen fenti, ya buɗe na ruwan toka, ya motsa shi da tsinke.

"To, saura mu gyara ɓarnar uwarki. Ita duk wanda anka ce sojan sama, a wurinta direban jirgi ne. Mata! Ta tashi hankalin gida a kan abin da ba ta gane ba. Bari mu koma, sai na yi mata dariya har ta ƙoshi."

Ya tsoma bakin burushin, ya goge a bayan hannunsa har ya yi tsini.

"Na'Allah, kar ka damu, yanzu zan mai da maka matuƙinka namiji, mu liƙa murfi mu ci abinci. Rauda, ara mani gilashinki."

Ya faɗi "gilashinki" ɗin nan da wani irin alfahari, har yana kallon Baffa ta gefen ido.

Ta miƙa masa. Ya maƙala a ido, ya sunkuya kan jirgin.

"Kai, amma fa ta iya. Dubi furen. Har na ji tausayin shafe shi. To ya za a yi, tunda ba ɗiyata ba ce a ciki."

Burushin ya sauka a hankali, ya wuce bakin wurin zaman, ya wuce farar hular, ya nufi ɗan jan hannun nan.

Caraf, Rauda ta riƙe wuyan hannunsa.

Tun da take ba ta taɓa riƙe hannun Baba yana aiki ba. Ba wanda ya taɓa.

Ya ɗago, gilashin na maƙale a idonsa, idon ya yi ƙato a ciki yana kallonta.

"Lafiya?"

Ba ta saki hannun ba.

"Kar ka shafe, Baba. Inna ba ta yi kuskure ba. Ni ce a ciki."